Ni da Surukina a Jirgin Iska

Ni dai ban tashi a bakin ruwa ba. A garinmu, can arewa da Kano, ruwan da na sani shi ne na rijiya, sai kududdufin bayan gari da yake cika da damina, ya ƙafe kafin a gama sussuka. Da a ce wani ya tare ni a da ya ce watarana zan zauna cikin jirgi, igiya a hannuna, iska tana ja na kamar ingarman doki, da na ce a kai shi a yi masa rubutu ya sha. To ga shi ya faru, da furfurata da komai, a ƙasar Malesiya. Ku gyara zama ku ji yadda aka yi.

Wankan jego ne ya kai ni. 'Yata ta uku ce ta haihu a Kuala Lumpur, inda mijinta yake karatun zama dakta a wata jami'a da ke Jalan Semarak, dakta na littafi, ba na allura ba. Gidansu yana Setapak, can ƙololuwar wani dogon bene, ɗaki biyu da falo. In ka leƙa ta taga sai ka ga motoci a ƙasa kamar tururuwa.

Abin da ya fi ba ni wuya a gidan nan ba tsayinsa ba ne, ƙanƙantarsa ce. A garinmu tsakanin mace da mijin 'yarta akwai zaure, akwai katanga, akwai tsakar gida. A nan kuwa labule ne kawai. Ban taɓa kiran sunan surukina ba, ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa ɗaga ido na kalli fuskarsa ba. Shi ma ɗan mutunci ne, ya san abin da aka sani. Da safe zai durƙusa a bayan ƙofar ɗakina ya gaishe ni, ni kuma in amsa ina fuskantar bango. In ina da magana da shi sai in faɗa wa iska: a ce wa mutanen gidan gas ya ƙare. Shi kuma ya amsa wa iskar: to, za a sayo. In zai sauka ƙasa, sai in bari akwatin nan mai hawa da sauka ya kai shi ya dawo, sannan in shiga.

Abu na biyu da ya tsaya mini a rai shi ne ranar suna. Ni maguɗiya ce. A unguwarmu ba a kai amarya ba tare da an aiko an kira ni ba, ba a raɗa suna ban rangaɗa ba. Tun da malam, maigidana, ya rasu na yi shiru, na ce sai ranar da na ɗauki sabon jika a hannuna. Ranar ta zo, na ɗauki yaro, na cika ƙirji, sai 'yata ta dafa ni ta ce in yi haƙuri, maƙwabta za su kira masu gadi su ce an yi gobara. Na haɗiye guɗata. Ta zauna mini a nan ƙasan maƙogwaro kamar lomar tuwon da ba ta wuce ba.

Ana nan ana nan, aka yi arba'in. Babbar jikata, yayar jaririn, yarinya ce mai idon tsiya, ba ta kai aure ba amma bakinta ya kai. A can ta girma, in na yi mata Hausa sai ta amsa mini rabi da Turanci rabi da yaren mutanen ƙasar. Kowace Asabar ubanta yakan kai ta wani tafki a bayan gari. Wata Asabar ta tsaya a kaina ta ce na zauna a ɗaki har na fara kama da kujera, in tashi mu je in ga ruwa. Na ce ke yarinya, ni da ubanki a mota ɗaya? Ta ce ai akwai kujerar baya. Haka na shiga baya, na juya fuskata ga taga har muka isa.

Jama'a, ashe ruwa yana da faɗi haka. Sun ce wai tsohon ramin kuza ne, irin na Jos, ruwa ya cika shi. A bakinsa akwai wata doguwar rumfa, ƙananan jirage jere a ƙarƙashinta. A kan ruwan kuwa, ga su nan kamar fararen balbelu, suna tafiya ba inji, ba mai tuƙi da sanda, ba ƙara. Kowane jirgi an kafa masa dogon ƙarfe a tsakiya, an ɗaura masa farin zane mai kusurwa uku, iska ta cika shi ya yi ciki. Na miƙe tsaye ban sani ba. Na ga jikata ita kaɗai a cikin wani ɗan mitsitsin jirgi kamar kwano, tana yanka ruwa, sai na ji zuciyata tana bugawa irin bugun da take yi in an fara kiɗan ƙwarya a nesa.

Mutanen wurin ƙungiya ce, amma ba ta masu kuɗi ba. Akwai Malayawa, akwai 'yan China, akwai Indiyawa, akwai ɗalibai baƙaƙe irin namu biyu ko uku. Aikinsu irin gayyar garinmu ne. Kowa zai kama a ɗauki jirgi a kai ruwa, kowa zai kama a fito da shi a wanke, in an gama a shimfiɗa tabarma kowa ya buɗe abin da ya zo da shi, a ce makan, wato a ci. Wani tsoho ɗan China ne mai gyaran jirage, kullum da allura da zare a hannunsa yana ɗinkin zane, yana mita. Wata Ba'indiya mai ƙatuwar murya ita ce mai usur, ita take tsayar da kowa.

Sai kuma ƙawata. Tsohuwa ce Bamalaya, tsarata, gajeruwa, da ɗan hijabinta da wando mai faɗi, fuskarta duk rana ta dafa. Ta fito daga jirginta ta same ni a tsaye baki buɗe. Ta yi mini sallama na amsa, daga nan kuma yarenmu ya ƙare. Ta nuna jirgi, ta nuna ni. Na girgiza kai. Ta ce, “Boleh, Nenek.” Jikata ta ce wai cewa ta yi za ki iya, Kaka. Ta ƙara da nata, wai matar nan ta girme ni ma, kuma ba ta da tsoro irin na wasu.

Wannan maganar ce ta shigar da ni jirgi. Aka sa mini wata riga mai kumbura wadda ba ta barin mutum ya nitse. Na yi bisimilla, na karanta duk abin da na iya, na zauna a ƙasan jirgi na riƙe gefe da hannu biyu. Matar nan ta ja igiya, zane ya yi wata ƙara fat, jirgi ya karkata, ya zabura. Ruwa yana waƙa a ƙarƙashinmu. Mayafina ya tashi sama ya naɗe a igiya, ta kwance shi tana dariya, ni ma na kama dariya har da hawaye. Da muka dawo gaɓa, na ce wa jikata ta tambayar mini ko Asabar mai zuwa ma ana fitowa.

Kwanci tashi, na zama 'yar gida. Ƙawata ta kawo mini wando da gajeren hijabi irin nata. Ni kuma na riƙa soya musu ƙosai ina kaiwa, har tsohon nan mai mita ya riƙa ajiye leda don ya yi tapau, wato ya ƙunshe ya kai wa matarsa. Da hannu ta koya mini komai. In ta taɓa gwiwata, in ja igiya. In ta buɗe tafinta, in sassauta. Ta ɗora hannuna a kan sandar tuƙi, wadda na sa wa suna muciya, ta nuna mini cewa in ka tura ta dama jirgi hagu zai yi, kamar jaki mai taurin kai. Ta nuna mini jirgi ba ya fuskantar iska kai tsaye, sai dai ya bi ta a karkace, ya yi nan, ya juyo ya yi can, kamar mai hawan tudu da kaya a ka.

A wurin juyowar nan maganar take. A ƙasan zanen akwai wani ƙarfe a kwance, daidai kan mutum in yana zaune. Taɓarya na sa masa suna. Duk lokacin da jirgi zai juya, taɓaryar nan takan sharo daga wannan gefe zuwa wancan da ƙarfin gaske. Don haka dokarsu ita ce, mai riƙe da muciya dole ya ɗaga murya ya gargaɗi abokin tafiyarsa kafin ya juya, shi kuma ya sunkuya, ya koma ɗaya gefen. Da ni da ƙawata ba matsala. In na daka mata tsawa da Hausa, ta sunkuya da Malayanci.

A cikin rumfar akwai wata doguwar igiya da aka ɗaure daga bango zuwa bango, an ƙulla mata tsummoki kala-kala, wasu sun koɗe, wasu sababbi. Jikata ta ce mini sau ɗaya a shekara ake ranar gida-gida. Jirgi ɗaya, mutum biyu 'yan gida ɗaya. Duk sabon shiga da ya riƙe muciya ya zagaye jajayen tuluna uku da ke yawo a kan ruwa ya dawo, sai ya yagi tufarsa ya ƙulla a igiyar nan. Daga ranar ya zama nasu, ko ya tafi ƙarshen duniya. Ta nuna mini nata, ɗan shuɗi. Na daɗe ina kallon igiyar nan. Ranar gida-gida saura kaɗan, komawata gida kuma tana biye da ita, an riga an yanki tikiti. In ban ƙulla a bana ba, wa ya san mini baɗi.

Na ce to, ni da jikata za mu shiga. Mai usur ta ce a'a, sabon matuƙi sai da babba mai nauyi wanda ya iya ruwa. 'Yata tana shayarwa, ko jirgin ba ta taɓa shiga ba. Ƙawata kuwa da mijinta za ta shiga. Jikata ta juya ta kalli ubanta, wanda yake tsaye can nesa yana wanke jirgi, ta juyo ta kalle ni, ta fashe da dariya har tana riƙe ciki.

A gida 'yata ta sa ni gaba. Ta ce Inna, nan fa Malesiya ce, ba wanda zai kai labari gida. Na ce ni zan sani, shi ma zai sani. Ta ce to ki haƙura da tsumma. Na tashi na shige ɗakina. Washegari da safe surukina ya durƙusa a bayan ƙofa, ya gama gaisuwa, bai tashi ba. Can sai ya ce wa iska, in ana bukatar mai riƙe igiyar gaba, akwai wanda ya ɗan iya. Na kalli bango na ce, to, Allah ya yi albarka.

Ranar gwaji muka shiga jirgi kamar masu zaman makoki. Ya zauna a gaba ya ba ni baya, ya kafe idonsa a kan ruwa. Ni ina baya da muciya, na kafe nawa a kan zane. Iska ta ɗauke mu lafiya lau, har muka kusa gaɓar can, lokacin juyawa ya yi. Na buɗe baki in daka tsawa irin wadda nake yi wa ƙawata, sai harshena ya ƙi. Ta yaya zan daka wa mijin 'yata tsawa? Sai na gyara murya na ce, a hankali, “Da za a sanar da mutanen gaba cewa ana so a ɗan yi ƙasa da…”

Ban kai ƙarshe ba taɓarya ta iso. Ji kake ƙwal. Hularsa ta yi sama, shi ya yi ruwa.

Ya taso yana furzar da ruwa, ya kama gefen jirgi. Ko a cikin ruwan bai ɗago ido ba. Ya ce, “Sannu, Inna. A yi haƙuri, laifin na gaba ne.” Daga gaɓa kuwa muna jiyo dariyar jikata, da muryar mai usur tana faɗa. Da muka fito, tsohon nan ɗan China ya duba ƙullutun da ya fito masa a ƙeya, ya duba taɓarya, ya ce wa jikata ta gaya mana ƙarfen dai bai lanƙwashe ba.

Mun gwada dabaru. Na ce a ba ni usur in sa a baki, mai usur ta ce usur ɗaya ne a tafkin nan, kuma nata ne. Na gwada buga ƙafa a ƙasan jirgi, iska da ruwa suka cinye ƙarar. 'Yata ta ce masa ya riƙa waiwayowa yana kallon hannuna, ya ce shi dai a bar shi da taɓarya. Daga ƙarshe ya aiko ta da shawara: zai zauna a sunkuye tun daga tashi har dawowa. Ƙawata ta girgiza kai da ta ji, ta nuna da hannu cewa in iska ta yi ƙarfi dole ya miƙe ya jingina waje ya danne jirgi, in ba haka ba mu kife. Na ce Allah ya kawo mana iska mai sanyin hali.

Ranar ta zo, iska kuwa ba ta zo da sanyin hali ba. Tun hantsi hadari ya haɗo daga bayan duwatsu, ganyen bishiyoyi suna juya bayansu. Jirage sun cika bakin ruwa, miji da mata, uba da ɗa, wa da ƙani. 'Yata ta zo da jariri a goye. Aka busa usur, muka tashi, surukina a dunƙule a ƙasan jirgi kamar buhun gero.

Ba mu yi nisa ba iska ta sauko da gaske. Zane ya cika tam, jirgi ya kwanta gefe guda har ruwa yana leƙowa ciki. Ba wanda ya ce masa komai, ya miƙe ya haye gefe, ya jingina bayansa waje. Jirgi ya daidaita, ya ɗaga hanci, ya tsere. Ban taɓa jin gudu irin wannan ba. Muciya tana rawa a hannuna kamar mai rai, feshin ruwa yana dukan fuskata, igiya tana kuka. Muka wuce wani jirgi, muka wuce wani. Ga jan tulu na farko yana tahowa, ga kan surukina a tsaye daidai hanyar taɓarya. In ban juya ba mu wuce tulu, tsumma ya tafi. In na juya ban yi magana ba, a wannan iskar, ba ƙullutu kawai zai samu ba.

Na buɗe baki. Magana ba ta zo ba. Abin da ya zo shi ne lomar nan da ta tsaya mini tun ranar suna. Ga gudu, ga ruwa, ga murna ta cika mini ƙirji har ba wurin numfashi, sai kawai ta ɓalle. Ko hanci ban kama ba, hannuwana duka suna aiki. Na rangaɗa guɗa, doguwa, mai kaifi, irin wadda ake ji daga unguwa zuwa unguwa. Bawan Allah ya firgita ya faɗo cikin jirgi ya dafe kai. Na tura muciya. Taɓarya ta wuce ta samansa fuu, ba ta taɓa ko gashinsa ba. Jirgi ya juya, jan tulu ya koma bayanmu.

Ya rarrafa ya koma ɗaya gefen, ya ja igiyarsa. Na ga kafaɗunsa suna girgiza, na san dariya yake yi, yana ɓoyewa. Sai ya ce wa ruwan da ke gabansa, “In aka sake yin irin wannan, za a sunkuya.”

Ni ma na ce wa zane, “To, za a sake.”

Guɗa ai ba da kowa ake yin ta ba. Ba kiran suna ba ce, ba umarni ba ce, ta Allah da Annabi ce, kowa ya ji nasa ne. Daga nan duk juyi sai na rangaɗa, shi kuma ya nutse ya ɓullo a ɗaya gefen. Na yi ta malam da ban yi ba tun rasuwarsa, na yi ta jariri, na yi ta ruwa. Mutanen sauran jirage suna waiwaye. Wani Bamalaye ya shagala da kallonmu har tasa taɓaryar ta same shi. A tulu na biyu na juya da wuri, muka tsaya cik, zane yana kaɗawa kamar shanya, duk waɗanda muka wuce suka wuce mu. Surukina ya tura zane da hannu har iska ta sake kama mu. A tulu na uku ruwan sama ya sauko kamar da bakin ƙwarya, ban ma iya ganin gaɓa, sai na bi muryar jikata, wadda take tsalle a can tana ƙoƙarin yin guɗa, abin yana fita kamar kukan akuya.

Mu ne kusan na ƙarshe. Bayanmu jirgi ɗaya ne, shi ma kifewa ya yi. Amma mun zagaye tuluna uku, kuma muciya ba ta bar hannuna ba.

A rumfa, jiƙe sharkaf, ƙawata ta rungume ni tana ta alhamdulillahi. Ta kama maƙogwaronta tana tambaya da ido ta ina abin yake fita. Mai usur ta ce wa jikata ta gaya mini yanzu usur biyu ne a tafkin. Tsoho mai mita ya miƙo mini almakashinsa. Na ciro zanen da na zo da shi daga gida, wanda na goyi uwar yaran nan da shi tana jaririya, na yanki bakinsa. Igiyar ta fi ni tsawo. Na yi ɗage, ban kai ba. Sai na ga igiya ta sauko da kanta. Surukina ne ya kama ta can daga ƙarshe ya janyo ƙasa, fuskarsa tana kallon tafki. Na ƙulla tsummana kusa da ɗan shuɗin jikata, na ƙara ƙulli, na ja sosai.

A mota na koma kujerar baya, na juya fuskata ga taga kamar kullum. Washegari da safe ya durƙusa a bayan ƙofa, ya gaishe ni, na amsa ina kallon bango. Sannan ya ce an duba, akwai sauran Asabar ɗaya kafin ranar tafiya, kuma an ce za a yi iska.

Na ce a gaya wa mutanen gidan su jiƙa mini wake tun ranar Juma'a.